Ina son kai Hajiya tsibirin Farasan a yini ɗaya, zai yiwu kuwa?

Baban Hanifa (Jidda)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga 'yan'uwanmu mazauna Jizan ko wanda ya taɓa taka Farasan da ƙafarsa, wato tsibirin nan da ke cikin Bahar Maliya daura da Jizan a kudancin Saudiyya.

Mahaifiyata ta zo Umra daga Katsina. Ta gama ibadarta lafiya, ta yi ziyarar Madina, yanzu tana wurina a Jidda kafin ta koma gida. Hajiya ta haura shekara 60 kuma ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba. Tun da na kai ta bakin teku da yamma ta ga ruwa ba iyaka, take tambayata wai da gaske ne akwai garuruwa a tsakiyar ruwan nan, da masallatai da kasuwa da komai. Ina so ta gani da idonta kafin ta tafi.

Mu shida ne: ni, Hajiya, uwargida, yara biyu (mai shekara 11 da mai shekara 7), sai ƙanena da ke karatu a nan. Tsarina shi ne mu hau jirgin sama zuwa Jizan ranar Alhamis da dare, mu kwana, mu tsallaka Farasan ranar Juma'a da safe, mu dawo da yamma. Cikin watan Janairu ne. Na samu wani jagora ta WhatsApp, ya ce a yini ɗaya zai kai mu dajin Ƙandal a kwale-kwale, ya tsaya da mu wuri biyu mu shiga ruwa da tabarau mu kalli murjani da kifaye, sannan ƙauyen Ƙassar, gidan Rifa'i, masallacin Najdi, gidan Jamusawa da ke tsibirin Ƙumma, har da abincin rana. Yana son rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami.

Abin da ke damuna: duk wannan zai shiga yini ɗaya? Ban da ƙanena ba wanda ya iya iyo a cikinmu, to shiga ruwan ya dace da mu? Mata me suke sawa? Hajiya kuma tana da ciwon gwiwa da hawan jini.

Kawu na Jizan

Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, Allah ya karɓi ibadar Hajiya, ya saka maka da alheri da wannan niyya. Na daɗe a Jizan, aikin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki ya sha kai ni Farasan, kuma na raka baƙi da dama.

Kafin komai ka riƙe wannan: ranar ba a hannunka take ba, ba kuma a hannun jagoranka ba, a hannun jirgin fito take, wato abbara. Kyauta ake shiga, gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Babba ne, yana ɗaukar mutum sama da 600 har da motoci, akwai kujeru da sanyi a ciki, Hajiya ba za ta sha wahala ba in Allah ya yarda. Amma sau biyu yake tashi a rana, na safe wajen ƙarfe 7, na yamma wajen 3:30. Ka tabbatar da lokacin ranar da za ka yanki tikiti, don yana sauyawa, musamman da azumi. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. To yi lissafi da kanka: kafin ku sauka ku fita daga tasha 8:30 ta yi. Dole kuma ku dawo tasha wajen 2:30, saboda ana duba takardu da kaya kamar a filin jirgin sama. Awa 6 ke nan a hannunku. A cikin awa 6 ɗin akwai tuƙi daga tasha zuwa cikin gari, akwai salla, akwai abinci, akwai yaro da zai ce yana jin fitsari, akwai Hajiya da ba za a ce mata ta yi sauri ba.

Jagoran da ya ce zai cusa maka duk jerin nan cikin awa 6, ko dai bai lissafa da tsohuwa da yara ba, ko kuma irin masu tsayawa minti biyar ne a ɗauki hoto a wuce. Taura biyu ba ta taunuwa. Farkon abin da zan cire shi ne Ƙumma. Tsibiri ne daban, sai an sake hawa wani kwale-kwale. Abin da ke can wani dogon ginin dutse ne da Jamusawa suka fara a 1901 don ajiye gawayin kwal na jiragen ruwansu, ba su ma ƙarasa shi ba. Ga mai son tarihi abin gani ne, ni kaina ina son wurin, amma ban ga dalilin jan Hajiya zuwa can cikin rana tsaka ba.

Juma'a kuma ita ce ranar da ba zan zaɓa ba. Masu kwale-kwale za su so su dawo tudu kafin huɗuba, shaguna da wuraren abinci a rufe har bayan salla, ga cunkoson masu hutun ƙarshen mako da ke sa tikiti wuya. In za ka iya karɓar hutu a wurin aiki, ku zo tsakiyar mako.

In dole yini ɗaya ne, ga yadda ni zan yi. Daga tasha kai tsaye zuwa ruwa, tun da safe kafin iska ta taso. Awa 3 a kwale-kwale: Ƙandal da farko, sannan tsayawa ɗaya tak don kallon murjani, a wuri marar zurfi mai yashi kusa. Ƙandal kuwa kada ku bari ya wuce ku. Itatuwa ne kore shar da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje sun yi tsaye-tsaye a cikin ruwa, kwale-kwale na bi ta wasu ƴan lunguna a tsakaninsu, gefe da gefe ga duwatsun da ruwa ya zaizaye ƙasansu har suka yi rumfa. In mai jirgi ya kashe inji sai ka ji kukan tsuntsaye kawai. Akwai zalɓe, akwai kwasakwasa, akwai wani shaho mai kamun kifi da ke gina ƙatuwar sheƙa da itace a kan dutse. Wannan Hajiya za ta more shi tana zaune, ba sai ta taka ko'ina ba.

Bayan kun fito sai azahar a masallacin Najdi, kun ga kun haɗa salla da ziyara. Wani attajirin lu'ulu'u, Ibrahim Attamimi, shi ya gina shi a 1347 bayan Hijira, ku ɗaga kai ku kalli zanen cikin ƙubbobin da na mumbari. Gidan Rifa'i ba nisa daga nan. Shi ma na mai fataucin lu'ulu'u ne, Ahmad Munawwar Arrifa'i, an gina shi a 1341 bayan Hijira, wajen 1922 ke nan. Da dutsen murjani aka yi ginin, aka shafe fuskarsa da farar ƙasa aka sassaƙa ta tun daga ƙasa har sama, ba inda aka bari fili, ga tagogi masu gilashi kala-kala. Ka matsa kusa ka ga yadda kowane layi na zanen ya bambanta da na samansa. Arzikin garin nan a da daga ƙarƙashin teku yake fitowa, mutane na nutso da numfashinsu kawai suna ɗebo kawa, attajirai na kai lu'ulu'un har Indiya. Da Japanawa suka fara noman lu'ulu'u sai kasuwar ta faɗi. In lokaci ya rage ku leƙa Ƙassar, tsohon ƙauyen gidajen dutse da rijiyoyi da dabino. In bai rage ba ku wuce tasha.

Yanzu maganar jagora. Kafin ka tura masa ko riyal ɗaya, ka tambaye shi waɗannan, kuma ya amsa a rubuce. Kwale-kwalen nasa ne ko na wani zai kama a ranar? Yana da lasisin ɗaukar masu yawon buɗe ido? Masu gadin teku, Haras al-Hudud, sai sun san da fitar jirgi da mutanen da ke ciki, don haka mai jirgin kirki shi zai fara tambayarka iƙama (katin izinin zama a ƙasar) da fasfo. Wanda ya ce maka ba sai an yi wannan ba, ka rabu da shi. Rigar ceto guda nawa gare shi, kuma akwai ta yara? Akwai rumfa a jirgin? Akwai tsani? Mutane na raina maganar tsani, alhali sauka cikin ruwa ba wuya, hawowa ne aiki, musamman ga mai jiki ko mace da tufafinta suka jiƙe. Shi da kansa zai shiga ruwa tare da ku, ko zama zai yi yana danna waya? Ciniki kuma na jirgi ne gaba ɗaya da yawan awoyi, kada ya yi maka lissafin kai-kai.

Na ƙarshe, ku yi magana a kan iska. Janairu lokaci ne mai kyau ta wajen zafi, amma a sanyin nan ne iskar kudu da ake kira azyab ke tasowa. In ta yi ƙarfi ana hana ƙananan jirage fita, wani lokaci har abbara ɗin ake dakatarwa. Ya gaya maka tun yanzu ko zai mayar maka da kuɗinka in haka ta faru. Kada kuma ka sayi tikitin jirgin sama na komawa Jidda a daren ranar.

Shawarata ta gaskiya dai, ku kwana ɗaya a tsibirin. Masaukai ba su da yawa amma akwai.

Maman Sadik (Makka)

Sannu Baban Hanifa, a gaishe da Hajiya da uwargida. Kawu ya gama magana a kan tsari, ni bari in taɓa ɓangaren mata da yara, don mun je da iyalina kuma aikin jinya nake yi.

Don Allah kada uwargida ta shiga ruwa da abaya ko zane. In suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, mutum ya kasa motsi ko da ya iya iyo. Ta sayi kayan ninkaya na mata masu rufe jiki duka, wando da doguwar riga da hular kai a haɗe, suna nan a shagunan kayan wasanni a Jidda. Ta ɗora abaya a sama har a isa wurin. Hijabi mai faɗi ma a ajiye shi a jirgi, don yana tasowa ya rufe fuska ya toshe bututun numfashi. In tana jin nauyin mai jirgi, a gaya masa tun farko ana son wurin da ba jama'a, sun saba da iyalai.

Rashin iya iyo ba zai hana ku ba, matuƙar kowa na sanye da rigar ceto da ta kama jikinsa, an ɗaure igiyoyinta har ta tsakanin ƙafafu ga yara. Ta manya a jikin yaro ba ta da amfani, yana shiga ruwa za ta zame ta sama. Ni zan ce ku saya wa yaranku nasu tun daga Jidda, har da tabarau da bututu. Na haya sau da yawa robarsu ta saki, ga shi bakin mutane da yawa ya taɓa su. Yadda ake gane tabarau ya yi daidai: a ɗora shi a fuska ba tare da an sa igiyarsa ba, a ja numfashi kaɗan ta hanci. In ya manne bai faɗi ba, shi ne. Ku bar yara su gwada a gida cikin baho, su saba da numfashi ta baki, don abin da ke firgita mutum a karon farko ke nan: hanci a toshe, sai ya ga kamar an shaƙe shi. Kai kuma Baban Hanifa in kana da gashin baki, ruwa zai riƙa shiga ta nan, ka shafa ɗan man Vaseline a wurin. A goga ɗigon sabulun wankan jarirai a cikin gilashin a ɗauraye, ba zai yi hazo ba.

Ranar da na fara sa fuskata a ruwan nan, abin da na fara ji shi ne wani ƙas-ƙas-ƙas a kunnena. Ashe wani kifi ne kore da shuɗi, mai baki irin na aku, yake gatsar murjani yana fesar da farin gari ta baya. Ga wasu ƙanana masu ratsin baƙi da fari sun zo har gaban gilashina suna kallona. Ga wata ƙatuwar kawa a maƙale cikin dutse, leɓenta shuɗi mai walƙiya, da inuwata ta faɗa kanta sai ta tsuke. Na yi ta tasbihi da bututu a bakina.

Amma a ja wa yara kunne: ba a taɓa komai, ba a tsayawa a kan murjani. Halitta ce mai rai, takawa na kashe ta, kuma tana yanka. Mai jirgin da ya kai mu bai gaya mana mu sa takalmi ba, ɗana ya taka wani abu baƙi mai dogayen ƙayoyi, ƙayoyin suka karye a tafin ƙafarsa, mun yi kwanaki muna fama. Akwai kuma kifin da ke kwanciya kamar dutse, dafinsa mai tsanani ne. Takalmin roba mai rufe ƙafa dole ne ga kowa, har da mai tsayawa a bakin ruwa. Rana ma na ƙona baƙar fata, kada wani ya ce muku ba ta yi. Ƙeya da bayan ƙafafu ne ke shan ta.

Hajiya kuwa, ta sha maganin hawan jininta da safe kamar kullum, ta ci abu marar maiƙo, ta yi ta shan ruwa. Kafin a ba ta maganin hana tashin zuciya a tambayi likita ko mai kemis, a gaya masa magungunan da take sha, don wasu na sa barci da jiri. A ƙaramin jirgi ta zauna tsakiya zuwa baya, gaba ne ke dukan ruwa, gwiwa da baya ke ji. Kuma ku sani yawancin ƙananan jiragen nan ba banɗaki, kowa ya kama ruwa kafin a tashi. In an sauka a yashi kuma ta ji sha'awa, ta tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kai ka riƙe ta, ta sunkuya da tabarau ta leƙa. Ko a nan za ta ga kifi.

Ɗan Karantina

Yaya, ni da za ka ji tawa, in kallon murjani ne babban burinku ba sai kun yi tafiyar kilomita 700 ba. Daga Abhur nan arewacin Jidda ana ɗaukar jirgi zuwa Bayada, wani wurin murjani a cikin teku, ƙasa da awa ɗaya, ruwan garau, ku dawo ku kwana a gida. Ruwan kudu bai kai na wajenmu haske ba, balle in iska ta kaɗa shi kwana biyu. Sai dai Bayada ba tudu, ba gari, ruwa ne kawai, ke nan ba zai amsa tambayar Hajiya ba.

Farasan ni na fi son ta a watan Afrilu, lokacin bikin Harid, da kifin nan mai bakin aku ke taruwa a gaɓar Hasis, jama'a su ruga cikin ruwa kowa ya kama rabonsa, kai ka ce Argungu. Amma zafi ya fara a lokacin.

Ka gaya wa ƙanenka, in yana da niyyar nutso da tukunyar iska a baya, ba a hawa jirgin sama nan da nan bayansa, masu koyarwa sukan ce a jira awa 24. Kallo daga saman ruwa da tabarau ba ruwansa da wannan doka.

Baban Hanifa (Jidda)

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Kawu, Hajiya Maman Sadik, da Ɗan Karantina. Na tura wa jagoran tambayoyin. Ya ce rigar ceto huɗu ce a jirgin, duk na manya, tsani babu amma wai za a jawo mutum da hannu, kafin alƙalami kuma ba ya dawowa ko da iska ce ta hana. Na yi masa godiya na ce a bar maganar.

Mun zauna da uwargida mun yanke: za mu je Talata mu kwana a Farasan mu dawo Laraba, jirgin sama kuma sai Alhamis. Bayada zan kai ƙanena da yara wani lokaci daban. Da na karanta wa Hajiya labarin masallacin Najdi, cewa ta yi lallai a nan take son yin salla.

Saura tambaya biyu, Kawu. An ce akwai barewa a tsibirin, yara na ta murna, za mu gan ta kuwa? Mota kuma fa, in hayo a Jizan in shiga da ita jirgi, ko in nema a can?

Kawu na Jizan

Ka yi daidai da ka bar shi. Mai riga huɗu ga mutum shida ya riga ya gaya maka yadda yake aiki.

Barewa tana nan, ƙarama ce mai jan gashi, kuma Farasan ce ta fi ko'ina yawanta a ƙasar nan. Amma ba ta fitowa cikin rana, sai da sassafe ko dab da magariba, a wajen gari inda ƙayoyi suke. Tunda za ku kwana, kun samu damar. Ku fita bayan asuba ranar Laraba, a tuƙa a hankali, yara su yi shiru, kada kuma a sauka daga hanya a bi ta da mota. Yankin a ƙarƙashin kariya yake, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa shi cikin wurarenta na kare halittu a 2021, don haka ba farauta, ba ɗebo murjani a zuba a jaka, ko da wanda ruwa ya watso ne. Da yammar Talata kuma ku haye gadar Ma'adi zuwa Sajid, Hajiya ta ga tsibiri na biyu da mutanensa ba tare da ta sake hawa ruwa ba.

Mota dole ce, don tasi ba shi da yawa a can. Gurbin mota a abbara ya fi na mutum saurin cikewa, sai an kama da wuri, kuma in ta haya ce ka gaya wa kamfanin tun farko cewa za ka tsallaka da ita, su ba ka takardar izini. In bai samu ba, ka sa masaukin da za ku sauka su haɗa ka da direba, su ne ma za su fi sanin masu jirgin da ke da lasisi. Ka je bakin ruwa da yammar Talata ka ga kwale-kwalen da idonka, ka ƙirga rigunan, ka taka tsanin, sannan ka biya. Sai ku fita ruwa Laraba bayan kun dawo daga neman barewa, ku kama jirgin yamma.

Tikitin zuwa da na dawowa ka yanke su tare. Fasfon Hajiya na ainihi za ka riƙe, ba hotonsa a waya ba, ka kuma duba kwanakin da suka rage a bizarta. Ku ɗauki tsabar kuɗi, ba kowane mai jirgi ke karɓar kati ba. In salla ta riske ku a wani tsibiri, ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, hadisi ya tabbatar da haka, ku ajiye na gora don sha.

In kun tsayar da rana ka rubuto a nan. Zan duba muku yanayin iska ana saura kwana biyu, in kuma ina gari zan zo tasha in gaishe da Hajiya.